Rahoton da Kawu Ya Ƙi Sa wa Hannu

Daga Allah muke, gare Shi kuma Kawu ya riga mu komawa. Da hantsin wata Talata muka sallace shi a ƙofar gidansa da ke Kwaciri. Kafin azahar mun dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi, an kafa rumfa ta tare rabin layin.

Jama'a sun zo, ba laifi. 'Yan Kantin Kwari sun zo saboda ƙannensa, waɗanda suka gaji shagunan shadda da atamfa na kakanmu. Maƙwabta sun zo saboda maƙwabtaka. Wani dattijo da ke gefena ya shafa fatiha, ya karkato ya tambaye ni a hankali, "Wai shi marigayin, aikin me ma ya yi?" Shekara da shekaru suna sahu ɗaya a masallaci. Na ce masa a ɓangaren noma ya yi aiki. Ya ce, "Af, ashe malamin gona ne," ya ci gaba da jan carbinsa. Ban gyara masa ba.

Rana ta biyu sai ga motoci sun cika layin. Tsohon daraktan ofishinmu ne, wanda Kawu ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ni ma haka. Ya fito cikin babbar riga, ƙamshin turare ya riga shi isowa, aka matsa masa ya zauna a tsakiya. Bayan addu'a ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji, ya ce, "Kano ta yi rashin masani. Ni na zauna da shi, na san shi. Mutum ne da ba ya tanƙwaruwa a kan gaskiya." Wasu suka yi kabbara. Ya sa aka sauke buhunan shinkafa a zaure.

Da labari ya shiga cikin gida, matar Kawu ta ce, "A mayar masa da kayansa. In an ji kunyarsa a kai masallaci, amma ƙwaya ɗaya ba za ta shigo gidan nan ba." Inna, mahaifiyata, wadda take ƙanwar marigayin, ta ce, "Ki yi haƙuri, gidan mutuwa ne." Matar Kawu ta ce, "Ai don gidan mutuwa ne ban fita na gaya masa da bakina ba."

A can gefen rumfa akwai wani tsoho ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen Sabon Gari, mai sayar da kayan injin ban-ruwa. Aminin Kawu ne. Kwana uku yana zuwa ya zauna a kan benci, hularsa a hannu. Lokacin da Darakta yake jawabinsa, sai ya miƙe ya tafi ƙarshen layi ya tsaya har motocin suka tafi. Da ya dawo na je na gaishe shi. Ya ce, "Ka ji abin da ya ce?" Na ce na ji. Ya ce, "To." Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai, don ya san abin da yawancin mutanen rumfar ba su sani ba: a cikin abin da aka yi wa Kawu akwai hannuna.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na so labarin Kawu ya tsaya a bakin wanda bai san aikinsa ba, ko a bakin wanda ya rusa aikin.

Ina aji huɗu na firamare mahaifina ya rasu, Kawu ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa. Gidansu gidan kasuwa ne kaka da kakanni. Kakanmu ya so ya zaunar da shi a shago tunda shi ne babba, shi kuwa ya kafe sai ya karanci tattalin arzikin noma. Har ya tsufa ƙannensa suna yi masa tsiya, wai ɗan Fagge da bai san bambancin gero da dawa ba sai a tuwo, shi ne zai koya wa manomi lissafi. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Ba koya musu nake ba, su nake tambaya."

Ba zan ce mutum ne mai sauƙin zama ba, don mamaci ma ba ya buƙatar a yi masa ƙarya. Ban taɓa jin ya ce wa wani ya yi ƙoƙari ba. Iyakar yabonsa shi ne "ba laifi", kuma a shekara sai ka ji ta sau ɗaya. Yana gyara wa mutum magana a tsakiyar taro, ko ango ne ranar ɗaurin aurensa. Matarsa takan ce in ta ce masa yau kasuwa ta yi tsada, sai ya ce, "Idan aka kwatanta da yaushe?" Wata rana ta fusata ta ce, "Idan aka kwatanta da ranar da na yarda na aure ka." Wannan ce rana ɗaya da na ga ya yi dariya har da hawaye.

Aikinsa kuwa, in za a taƙaita, tambaya ɗaya ce: nawa buhun shinkafa ɗaya yake ci wa manomi kafin ya shiga rumbu, kuma yaya wannan yake canzawa in gona ta ƙara girma, ko taki ya yi tsada. Duk rani yakan tafi ƙauyukan fadama da ƙullin goro da littafinsa. Ba ya aika fom a cike masa. Zama yake a gindin bishiya, ya tambayi taki, ya tambayi man inji, ya tambayi 'yan ƙwadago, har wanda ya yi korar tsuntsu sai ya ji ko ɗan gida ne ko haya aka yi.

Sawunsa na bi. Na karanci abin da ya karanta, na sami aiki a ofishin tsare-tsaren da yake, aka sa ni a ƙarƙashinsa. Makona na farko ya kira ni teburinsa, ya ciro fensirin da ke maƙale a kunnensa, ya ce, "Lambobin da muke kwasowa daga manoma ba sa magana da kansu. Sai ka zaɓa musu ƙirar lissafin da za ka zuba su a ciki, sannan kwamfuta ta ba ka amsa. Fura in ka zuba ta a ƙwarya, siffar ƙwarya take ɗauka."

Ya zana layi biyu a takarda. Na farko ya taso daga sama yana sauka, bai daina sauka ba har bakin takardar. Ya ce, "Wannan nake kira mai gangara. In ta ga kuɗin noman buhu ya ragu daga ƙaramar gona zuwa matsakaiciya, shi ke nan, a wurinta haka zai yi ta raguwa har abada. Ba ta da hanyar juyowa, haka aka ƙera ta." Layi na biyu ya sauka, ya kwanta, sannan ya fara hawa. "Wannan mai kwari ce. An bar mata damar sauka, an bar mata damar hawa. In lambobi sun ce gona ta yi girman da ya fi ƙarfin mai ita, za ta nuna."

Na ce, "To ai ta biyun ta fi, Kawu."

Ya ce, "Idan aka kwatanta da me? Ta biyun makwaɗaiciya ce, tana son bayanan manoma masu yawa. In ka ba ta kaɗan sai ta yi maka shirme. Ni ta taɓa gaya mini wai in taki ya yi tsada manoma ƙara saye suke. Na riga na miƙa rahoton, sai da na je na karɓo shi da kaina, na ba da haƙuri. Ta farkon kuwa, in gonakin duk kusan girmansu ɗaya ne, tambayarka kuma ƙarama ce, ta ishe ka." Ya mayar da fensirin kunnensa. "Ka zaɓi ƙira saboda tambayar da ke gabanka da lambobin da ke hannunka. Ranar da ka zaɓa saboda amsar da kake so, ka tashi daga masani ka koma mai shaidar zur."

Duk Asabar bayan la'asar yana Sabon Gari, a shagon amininsa, tsakanin tiyo da roba da ƙarafan inji. Can yake jin abin da fom ba ya faɗa: wane kaya manoma suka daina saye, su waye suka koma haɗa kai mutum uku a inji ɗaya don mai ya yi tsada. 'Yar mai shagon ta faɗi lissafi sau biyu a jarrabawar fita sakandare, Kawu ya sa ta a gaba a kan bencin shagon wata da watanni har ta ci. Ranar aurenta ya sa farar shaddarsa ya je. Da surutu ya yi yawa a unguwa, wai me ya kai shi bikin coci, sai ya ce, "'Yata aka aurar, ku kuma ba a gayyace ku ba."

Shekara goma sha ke nan da wani kamfani ya zo yana neman fadamar wani gari da ƙauyukansa, daga cikin waɗanda Kawu ya fi sani. Za a tashi ƙananan manoma, a haɗe gonakin su zama ƙatuwar gona ɗaya ta shinkafa, da taraktoci da injinan girbi. Kafin a amince sai ofishinmu ya ba da rahoton da zai nuna cewa babbar gona ta fi samar da buhu a kan sauƙi.

Kawu ya zuba lambobinsa a ƙira biyun. Mai gangara ta faɗi abin da aka san za ta faɗa. Mai kwari ta nuna kuɗin noman buhu yana sauka daga ƙananan gonaki zuwa matsakaita, amma a manyan gonakin da muka auna ya fara hawa: 'yan ƙwadago babu idon mai gona a kansu, ruwa ba ya kai wa ƙarshen fage, tarakta in ta lalace sai ta yi makonni tana jiran kaya. Ya gwada su biyun a kan lambobin, ta biyun ta fi dacewa nesa ba kusa ba. Ya rubuta haka. A ƙarshe ya ƙara sakin layi ɗaya, cewa gonar da kamfanin ke nufi ta ninka mafi girman gonar da muka taɓa aunawa sau da yawa, don haka babu ƙirar da ke da hurumin yin magana a kanta.

Ina ofishin Darakta ranar da ya kira shi, ni na riƙo fayil. Darakta ya ce, "Malam, wannan ta farkon, tana cikin littattafan da kuka karanta ko ba ta ciki?"

"Tana ciki, ranka ya daɗe."

"Haramun ce?"

"Ba haramun ba ce. Amma ba ta iya cewa a'a. Yaya za ka tambayi wanda bai iya cewa a'a ba, sannan ka fito ka ce ya amince?"

"Ni dai ita nake so a rahoton. A cire ta biyun, a cire wannan sakin layin naka na ƙarshe."

Kawu ya ce, "A cire sunana tare da su." Ya miƙe ya fita, ko sallama bai yi ba.

Na juya zan bi shi, Darakta ya ce in tsaya. Ya sassauta murya. Ya ce Kawu ya manyanta, ya ce ni ma na yi karatun nan, ya ce akwai gurbin ƙaro ilimi a waje da ake neman wanda za a tura, kuma kujerar shugaban sashe ba za ta daɗe da mai ita ba. Bai tilasta ni ba, wallahi bai tilasta ni ba. Na koma teburina na gaya wa kaina cewa ai ƙira ce sananniya, manyan masana sun yi aiki da ita, ban ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba. Gaskiya ne kuma, ban ƙirƙira ba. Tsakanin azahar da la'asar na gama aikin da ya ci wa Kawu rani uku, na cire abin da aka ce a cire, na sa hannu.

Ban gaya masa ba. A wani otal da ke Titin Ibrahim Taiwo ya gani, ranar da aka gabatar da rahoton gaban mutanen kamfani da manyan baƙi. Ni ne a tsaye da makirfo, layin nan nawa yana haske a bango, yana gangarawa sumul har ƙasa. Aka yi tafi. Da aka zo tambayoyi sai na ga hannu ɗaya a can baya. Kawu ne. Ya miƙe, bai kira ni da sunan da yake kirana a gida ba, ya ce, "Mai gabatarwa, gona mafi girma da kuka auna, kadada nawa ce?"

Na san amsar. Tare muka auna ta, ni na riƙe masa bakin igiya. Na buɗe baki na ce, "Za mu duba mu sanar." Shugaban taro ya ce lokaci ya ƙure, abinci na jira. Kawu ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya ɗauki jakarsa ya fita.

Ba a kore shi ba, ai ba a korar irinsu. An mayar da shi ɗakin ajiyar fayil, wai zai kula da tsofaffin bayanai. Shekara biyu yana zuwa kafin kowa, da gogaggen kaftani, ya zauna cikin ƙura da gara ba mai shigowa. Masu gaishe shi da rusunawa suka koma canza hanya in sun hango shi. Ranar da ya yi ritaya ko lemo ba a raba ba. Shi kaɗai ya ɗauko kwalinsa ya tare adaidaita sahu a bakin titi. Ina kallonsa ta tagar ofishinsa na da, wanda ya zama nawa.

Manoman aka ba su ɗan abin da aka kira diyya, aka zagaye fadamar da waya. Aminin Kawu ya ce ya fara ganewa ne da masu sayen kayansa suka ɗauke ƙafa, sannan ya fara ganin wasunsu a Sabon Gari suna dakon kaya, mutanen da a da suke shigowa shagonsa su yi ciniki da ƙarfin gwiwa. In sun hango shi sai su kau da kai.

Abin da ya fi ci mini rai, Kawu bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ina zuwa gaisuwa yana amsawa. Da aka yi mini haihuwa shi ya yi wa jaririn huɗuba. Amma daga ranar otal ɗin nan bai ƙara tambayata komai game da aiki ba, mutumin da a da ko tuwo muke ci sai ya tambaye ni abin da na gano a makon. Da ya zage ni da na sami sauƙi. Matarsa kuwa, wadda ta yi mini wanki ina yaro, ta daina ce mini "ɗana". In na shiga sai ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji," ta kawo mini ruwa a kofin baƙi. Inna ta tsare ni sau ɗaya ta ce, "Me ka yi wa yayana?" Na ce maganar ofis ce, ba za ta gane ba. Ta ce, "Ofis ban gane ba. Amma na san fuskar wanda aka ci amanarsa."

Kamfanin bai yi shekaru da yawa ba. Taraktoci suka tsaya, ruwa ya gagara, suka kwashe abin da zai kwasu suka tafi. Wayar tana nan, fadamar ta koma ciyawa, ba a mayar wa kowa ko taku ɗaya ba. Ranar da na tabbatar da labarin na tafi Kwaciri da saurina, a wautata ina ganin albishir na kai. Na same shi a zaure yana sauraren rediyo. Na ce, "Kawu, kamfanin nan ya tashi. Maganarka ta tabbata."

Ya rage muryar rediyon, ya dube ni. Ya ce, "To, a kai musu maganar tawa su shuka." Ya mayar da muryar yadda take.

Babu wanda aka tuhuma. Darakta ya ƙara gaba, daga baya ya yi ritaya da walima. Rahoton yana nan a kan kanta da sunana a bangonsa, har ɗalibai suna zuwa su kwafa. Ni ma na ƙara gaba. Na je waje na dawo, na gina gida, na sauke farali. Duk abin da aka yi mini alkawari an cika mini, ba a rage komai ba.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da Kawu a ƙarshe. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu, amma kansa garau. Wata Lahadi bayan la'asar na je na tarar da shi shi kaɗai a ɗaki, matarsa tana tsakar gida. Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na daɗe ina juya maganar da na yi shekaru ina ɗauke da ita, da ta fito kuma sai ta fito gajeriya. Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Bai tambaye ni me na yi ba. Ya gyara kwanciya. Sannan ya ce, "Nawa na yafe tun a ranar. Ni na raine ka, ni na koya maka aikin, in ka karkace akwai rabona a ciki." Ya numfasa, ya juyo da fuskarsa gare ni. "Amma na mutanen can ba a hannuna yake ba. Ba ni aka raba da gona ba. Ka san hanyar garinsu."

Na ce, "Na sani, Kawu."

Ya ce, "To, buɗe mini tagar nan, zafi ya yi yawa."

Kwana tara bayan nan ya cika.

Yau an yi sadakar arba'in. Hanyar garin na san ta, ba ta kai tafiyar awa biyu ba, mota kuma tana ƙofar gidana da mai a cikinta. Ban je ba. Kullum sai in ce sai na san abin da zan faɗa, sai na san ƙofar da zan fara yi wa sallama a garin da rabinsa ya watse. Na san kuma ba wannan ne ya hana ni ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da abin da mu muka hana shi. Ya ba matarsa da 'ya'yansa da Inna haƙurin rashinsa. Ni kuma ku roƙa mini Allah kada Ya ɗauki raina kafin ƙafata ta taka garin nan.